Sikeli da Rajista: Tafiya a Gidajen Tsofaffin Ostareliya

A Ostareliya mutum kusan 190,000 ne ke zaune a gidajen kula da tsofaffi, gidajen kuwa sun haura 2,500. Duk Bahaushen da ya ji haka, abin da zai fara fitowa daga bakinsa shi ne, "To ina 'ya'yansu?" 'Ya'yan suna nan, da yawansu kuma suna zuwa, wasu ma kullum. Sai dai mutanen can suna daɗewa a duniya, matsakaicin tsawon rai ya haura shekara 80, kuma kafin a kai mutum irin wannan gida yawanci jikinsa ya wuce abin da mutum ɗaya zai iya ɗawainiya da shi. Fiye da rabinsu gigin tsufa ya kama su. 'Yar da ke jinyar ita kanta ta ba sittin baya, jikoki kuma suna wani gari da sai an hau jirgin sama. Har yau tsarin bai kwanta mini a rai ba. Amma tunda haka rayuwarsu ta zo, tambayar da ta fi damuna wata ce daban: ɗan da ya yi wa mahaifiyarsa sallama da magariba ya ja mata ƙofa, ta yaya zai san halin da take ciki da ƙarfe uku na dare?

Ziyarar 'yar kawuna ce ta kai ni ƙasar, nas ce a ɗaya daga cikin gidajen nan a birnin Adelaide. Ni kuwa na yi shekaru a ɗakin ajiye katin marasa lafiya na wani asibiti a gida. Na san rajista tana faɗin gaskiya, na kuma san yadda ake cika ta a gurguje ran da aka ji masu duba aiki suna tafe. Shi ya sa da na ji ƙanwar tawa ba ta da zance sai na "rahoton wata uku", sai na bi sawun rahoton, ya ja ni daga Adelaide zuwa Melbourne har Wollongong.

Adelaide gari ne mai faɗin tituna, lambuna sun kewaye tsakiyarsa, tuddai daga gabas, teku daga yamma. A arewa maso gabashinsa akwai unguwar Oakden. Unguwa ce shiru, itatuwan turare a bakin hanya, ba abin da zai nuna maka sunanta ya taɓa girgiza ƙasar. A nan gwamnatin jihar Kudancin Ostareliya ta kasance tana da wani gida na tsofaffi masu taɓin hankali da gigin tsufa mai tsanani. A 2016 iyalin wani dattijo suka ga jini ya taru a jikinsa, ba wanda ya iya faɗa musu dalili, aka kuma gano an ba shi magani ninki goma na abin da likita ya rubuta. Matarsa ta ƙi yin shiru. Babban likitan ƙwaƙwalwa na jihar, Dakta Aaron Groves, ya yi bincike ya fitar da rahoto a watan Afrilun 2017: ana ɗaure tsofaffi, ana dirka musu magani fiye da ƙima, ma'aikata sun yi kaɗan, ana wulaƙanta mutanen da ba su da bakin kai ƙara. Kafin shekarar ta fita aka rufe gidan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a 2016 ɗin nan masu ba da takardar shaidar inganci na gwamnatin tarayya sun duba Oakden, suka ce ya cika sharuɗɗa 44 cikin 44. A lokacin ana sanar da gida ranar da za a zo babban duba. Mai aikin rajista ya san abin da wannan ke nufi: a share ko'ina, a ƙaro ma'aikata na kwana biyu, a cike duk gurbin da ke cikin fayil. Masu duban sun ga akwai tsari a rubuce kan ɗaure mutum, amma ba wanda ya ɗauki adadin waɗanda ake ɗaurewa a Oakden ya ajiye gefen na wasu gidaje irinsa ya ce, kai, wannan ya yi yawa. Daga Yulin 2018 aka daina sanarwar, masu duba sai dai a gan su a bakin ƙofa.

A Oktoban 2018 gwamnatin Scott Morrison ta kafa babban kwamitin bincike, irin wanda ake kafawa da sunan sarauta, mai ikon kiran kowa ya ba da shaida. Mutane fiye da 10,000 suka aika da koke da bayani. Rahoton wucin gadi ya fito a ƙarshen Oktoban 2019, na ƙarshe kuma ranar 1 ga Maris 2021, ɗauke da shawarwari 148. Ɗaya daga cikin shugabannin kwamitin ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum ɗaya cikin uku a gidajen ya taɓa samun kulawar da ba ta kai yadda ya kamata ba.

Da izinin shugabar gidan da ƙanwata ke aiki na bi ta can ranar awon nauyi. Sikelin kujera ce mai taya, a zaunar da tsoho, a ɗaga ƙafafunsa a kan matakin, a karanta. Ana yi wa kowa kusan lokaci ɗaya a wata, da tufafi marasa nauyi. Aka turo wata tsohuwa 'yar asalin Italiya, cikin waɗanda suka yi ƙaura zuwa Adelaide bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Gigin tsufa ya kwashe mata Turancin da ta koya da girma, ta koma harshen gidansu. Ƙanwata ta riƙe mata hannu har aka gama, sannan ta nuna mini katinta. Watannin baya nauyinta ya yi ta sauka kaɗan-kaɗan, sai kuma ya tsaya, ya fara hawa.

Na ce, "Ke da kike ganinta kullum, sai sikeli ya gaya miki ta rame?"

Ta ce, "Yaya, ai ganin kullum ɗin ne matsalar. Ido wa ka raina? Ni na ga tana zama a teburi, na ga an kawo faranti an ɗauke. Sai da lambar ta faɗi sau biyu a jere na zauna kusa da ita har ta gama. Ashe haƙoran robanta sun yi mata yawa, dasashi ya yi ciwo, nama sai ta tauna ta ajiye a gefen kumatu."

Aka kira likitan haƙori. Aka tambayi 'yarta abin da take ci a gida, ta ce ƙananan taliya a cikin romon kaza. Shi ke nan maganin. Da ba a auna ba, da sai ƙashin wuya ya fito kafin wani ya lura, lokacin kuwa ƙarfin tashi ya riga ya tafi.

Daga nan muka shiga duban fata. Tsohon da ba ya iya juyawa da kansa, inda ƙashi ya danne fata a kan katifa jini ba ya isa wurin: diddige, ƙugu, ƙasan baya. Ta nuna mini yadda ake yi a diddigen wani dattijo. In ka ga ja, sai ka danna da yatsa ka ɗaga. Idan wurin ya yi fari ya dawo, da sauƙi. Idan ya tsaya ja, gyambon kwanciya ya fara, mataki na ɗaya ke nan, kuma yana iya ci har mataki na huɗu, inda ake ganin ƙashi. Duk wata uku sai an duba kowane mutum a gidan daga kai har ƙafa an rubuta abin da aka gani, da matakinsa.

Waɗannan lambobi ne rahoton wata ukun. Tun 1 ga Yulin 2019 doka ta wajabta wa duk gidan da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ya aika da su. Da abu uku aka fara: gyambon kwanciya, ɗaure mutum ko tsare shi, da ramar da ba a yi niyya ba. A Yulin 2021 aka ƙara faɗuwa da raunin da ta jawo, da kuma harkar magani, wato mutum nawa ke shan iri tara ko fiye, mutum nawa ake ba magungunan taɓin hankali. A Afrilun 2023 aka ƙara shida, ciki har da zuwa asibiti, da kula da masu yoyon fitsari da bayan gida, da yawan ma'aikatan da ke barin aiki. A Afrilun 2025 aka sake ƙara uku kan ma'aikata.

Ƙarfin abin duka yana ga ma'auni ɗaya. A kasuwar hatsi in kowane mai awo da irin mudunsa, tambayar farashi ɓata baki ne, don ba ka san abin da kake kwatantawa ba. Haka nan in wannan gida ya kira raguwar kilo ɗaya rama, wancan sai kilo biyar, lambobinsu ba za su zauna a takarda ɗaya ba. Shi ya sa aka yanka: rama mai tsanani ita ce raguwar kashi 5 cikin 100 na nauyin jiki ko fiye a wata uku, a Darwin ko a Hobart. Sai an yi haka gida zai iya ganin kansa. Shugabar da ta shekara goma tana ganin rabin mutanenta a kan maganin kashe jiki za ta ɗauka haka tsufa yake, har ranar da takarda ta nuna mata gidaje masu irin mutanenta ba su kai ko kusa da haka ba.

Tun kafin gwamnati ta wajabta, gidaje da yawa suna cikin irin wannan haɗaka don kansu. Kamfanoni kamar Moving on Audits da QPS Benchmarking suna karɓar lambobin gidajen da suka yi rajista da su, su mayar wa kowa da rahoton inda yake a tsakanin takwarorinsa. Ta fuskar kuɗi kuma akwai StewartBrown, masu tattara abin da gidaje ke kashewa. Da irin wannan lissafi ne masu bincike na Jami'ar Bond suka gano cewa abin da ake kashewa a kan kayan abincin mutum ɗaya a rana a lokacin dala 6.08 ne ta ƙasar. Lambar ta tayar da ƙura, domin kowa ya san abin da dala shida za ta saya a kanti a Ostareliya. Daga Yulin 2021 gwamnati ta ƙara dala 10 a rana a kan kowane mutum, da sharaɗin gida ya riƙa ba da bayanin abin da yake kashewa a abinci.

Amma lamba tana da kaifi biyu, kuma a kan faɗuwa na fi ganin haka. Gidan da ba wanda ya faɗi a wata uku, ko dai ma'aikatansa gwanaye ne, ko ba sa rubutawa, ko kuma ba wanda ake bari ya taka ƙasa. Hanya mafi sauƙi ta hana tsoho faɗuwa ita ce ka zaunar da shi a kujera mai zurfi da ba zai iya tashi ba, ka sa masa ƙarfe a gefen gado, ka ba shi abin da zai sa shi gyangyaɗi. Faɗuwa za ta ragu, mutum kuma ya mutu a zaune. Ƙanwata ta nuna mini wani dattijo, tsohon manomin inabi, da ke zagaya lambun gidan da keken dogarawa safe da yamma. Ya taɓa faɗuwa, kuma zai sake. An zauna da shi da 'ya'yansa, ya ce shi dai a bar shi ya yi tafiyarsa. Aka saya masa takalmi mai kama ƙasa, aka rage masa maganin da ke sa shi jiri, aka bar shi. Kowace faɗuwarsa tana shiga rajista tana ɓata wa gidan lamba, ni kuwa a ganina gidan ya yi daidai. Shi ya sa ba a karanta lambar faɗuwa ita kaɗai, sai a gefen ta ɗauri da ta magani.

Sauran matsalar ita ce gidan da kansa yake ƙirga laifinsa ya aika. Maganin wannan na same shi a kan titin North Terrace, kusa da babban asibitin birnin, a wani gini mai tagogi masu kusurwa uku da mutanen garin ke yi wa laƙabi da magogin cuku. Cibiyar binciken lafiya ce ta SAHMRI, a cikinta kuma akwai rumbun bayanan tsofaffi da ake kira ROSA, wanda aka kafa a 2017, Farfesa Maria Inacio na jagorantarsa. Su ba sa tambayar gida komai. Gwamnati ce ke biyan kaso mai yawa na kuɗin magani da ganin likita, don haka duk maganin da aka saya wa tsoho yana rubuce a wani wuri. Asibitoci suna da nasu rajistar, masu rajistar mutuwa suna da tasu. Sai a cire sunaye, a haɗa waɗannan bayanai wuri ɗaya. Gida yana iya mantawa ya rubuta faɗuwa, amma karayar ƙugu ba ta ɓuya, don motar asibiti ta zo, an kwantar, an yi aiki. Da haka suka fitar da ma'aunai 12, kamar yawan maganin sa barci, karaya, da kai mutum sashen gaggawa. Suna kuma gyara lissafin bisa irin mutanen da gida ya ɗauka, don kada a kwatanta mai karɓar marasa lafiya sosai da mai zaɓen masu sauran ƙarfi. Aibinsa ɗaya, bayanan suna jinkirin haɗuwa, kafin su fito wanda abin ya shafa wataƙila ya riga mu gidan gaskiya.

Juma'a na yi ta a tsohon masallacin Adelaide, wanda masu raƙuma daga Afganistan da arewacin Indiya ta lokacin suka gina wajen 1888, su da suka riƙa ratsa hamadar ƙasar da kaya kafin zuwan jirgin ƙasa. Bayan salla na zauna da wani dattijo da mahaifiyarsa ke ɗaya daga cikin gidajen. Damuwarsa ba gyambo ba ce ba faɗuwa ba. So yake mace ta riƙa yi mata wanka, a taimaka mata da alwala, a juya mata kujera ta fuskanci alƙibla, kada kuma a haɗa mata abinci da abin da ba ta ci. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke da gurbinsa a rahoton wata uku. Mafi kusa su ne tambayoyin da masu bincike na Jami'ar Flinders, a nan Adelaide, suka tsara, waɗanda ake yi wa tsohon da kansa kan ciwo, walwala, zumunci da ko ana girmama shi. Ƙari ne mai kyau ƙwarai. Sai dai tsohuwar da ta koma harshen gidansu, ko wadda ke tsoron ɓata wa mai yi mata wanka rai, amsarta ba lallai ta fito da abin da ke zuciyarta ba.

Zuwa Melbourne jirgin ƙasa na hau, wanda ake kira Overland, tafiyar yini guda ce, ta haura kilomita 800. Ya hau tuddan Adelaide, ya ƙetare kogin Murray, sannan ya faɗa filayen alkama da tumaki da ba iyaka, rumbunan siminti dogaye a kowace tasha. Bayan an shiga jihar Biktoriya sai ƙananan garuruwa, Nhill, Horsham, Ararat. A irin waɗannan garuruwa sau da yawa sashen tsofaffi a jikin asibitin gwamnati yake, kuma Biktoriya ta fi kowace jiha yawan gidajen tsofaffi na gwamnati. Ita ce ta riga kowa: tun 2006 gidajenta ke ƙirga gyambo, faɗuwa, ɗauri, rama da yawan magani duk wata uku, shekara 13 kafin tarayya ta wajabta wa kowa.

A Horsham wata mata ta shigo ta zauna kusa da ni, shugabar nas-nas ce a wani ƙaramin gida a yankin. Da ta ji abin da nake bi, sai ta saki jiki. Ta ce a gida mai gadaje kaɗan mutum ɗaya yana iya karkatar da lissafin wata uku gaba ɗaya, don haka ba ta firgita da tsalle ɗaya, jerin rahotanni take dubawa ta ga inda layin ya nufa. Abin da ya fi mata amfani kuwa, in ta ga wani gida irin nata ya fi ta a abu, sai ta nemi shugabarsa a waya ta tambaye ta me suke yi. Da haka ta koyi gayyatar mai haɗa magunguna ya zauna da likita su bi katin kowa ɗaya bayan ɗaya, suna tambayar kowace ƙwaya dalilin zamanta. Wani maganin an rubuta shi ne shekarun baya don wata larura da ta daɗe da wucewa, ba wanda ya tuna ya soke. Ta ce wannan wayar ba ta yiwuwa sai tsakanin mutanen da ba sa tsoron juna, don sai ka fara yarda kana baya kafin ka tambaya. Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A nan dabarar ita ce a hango na wani don a san tsayin wanda ake takawa.

Melbourne ba ta manta 2020 ba. A shekarar kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda korona ta kashe a Ostareliya mazauna gidajen tsofaffi ne, mafi yawansu a wannan birni. A gidan St Basil's da ke unguwar Fawkner kaɗai mutum fiye da 40 suka rasu, bayan an killace ma'aikatan gidan gaba ɗaya an kawo baƙi da ba su san sunan kowa ba, balle abin da yake ci ko maganin da yake sha. Duk wanda na yi zancen da shi sai ya yi shiru kafin ya amsa.

Daga cikin abin da ya biyo bayan babban binciken akwai taurari. Tun Disambar 2022 kowane gida yana da tauraro ɗaya zuwa biyar a shafin intanet na gwamnati, My Aged Care. Ra'ayin mazauna gidan, wanda wasu daga waje ke zuwa su tambaya, shi ke da kashi 33 cikin 100 na makin. Bin doka kashi 30, yawan ma'aikata kashi 22, lambobin da gida ya ƙirga da kansa kuma kashi 15. A ganina sun yi hankali da suka ba na ƙarshen kaso mafi ƙanƙanta, domin Amurka ta riga su shiga wannan hanya tun 2008, kuma a Maris 2021 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda gidaje da dama can suke gyara bayanan da suke aikawa don su sami taurari. Ran da lamba ta zama talla, ran nan gaskiyarta ke shiga haɗari. Shugabar da ke kiran takwararta a waya tana son lambarta ta zama gaskiya, mai gidan da ke neman cika gadaje yana son tasa ta yi kyau, kuma lamba ɗaya ce ake nema ta yi wa su biyun aiki. Ko a Ostareliya, a 2024 ofishin karɓar koken jama'a na tarayya ya ce taurarin ba sa ba iyalai bayani mai ma'ana yadda ya kamata. Duk da haka ba zan ce a soke su ba. Ɗan da ke neman wa mahaifiyarsa wuri a cikin mako ɗaya, asibiti na matsa masa ya ɗauke ta, gara ya sami abin dubawa ko da bai cika ba, sannan ya je da ƙafarsa lokacin cin abinci ya ga wa ke zaune kusa da waɗanda ba sa iya ɗaga cokali.

Daga Sydney zuwa Wollongong tafiyar awa ɗaya da rabi ce a jirgin ƙasa, dutse mai duhun itatuwa a hannun dama, teku a hagu, can gaba hayaƙin masana'antar ƙarfe ta Port Kembla. A jami'ar garin ne Farfesa Kathy Eagar da abokan aikinta suka yi wa babban kwamitin wani lissafi a 2019. Suka ɗauki ma'aunin Amurka na yawan ma'aikata suka ɗora a kan gidajen Ostareliya, suka samu kashi 57.6 cikin 100 na mazauna suna gidajen da tauraro ɗaya ko biyu kawai za su samu. A lokacin babu dokar tarayya da ta yanka yawan ma'aikatan da gida zai ajiye. Yanzu akwai: tun Yulin 2023 dole a sami cikakkiyar nas a gida dare da rana, daga Oktoban 2023 matsakaicin kulawar da ake nema minti 200 ne ga kowane mutum a rana, daga Oktoban 2024 ya koma 215, 44 daga ciki na cikakkiyar nas. An kuma ƙara wa masu kula da tsofaffin albashi da kashi 15 cikin 100 a 2023. Wannan shi ne gindin maganar, domin sikeli ba ya ciyar da kowa, sai an sami mai lokacin zama. Masu zaman kuwa da yawansu baƙi ne, 'yan Nepal, Filifin, Indiya, da 'yan Afirka irin ƙanwata.

Amma abin da ya fi kama ni a Wollongong shi ne haɗakar da ake kira PCOC, wadda aka fara a 2005 don masu jinyar waɗanda cutarsu ba ta warkewa. Shiga ba dole ba ne. Ma'aikata suna tambayar majinyaci a kai a kai yadda ciwo, numfashi, tashin zuciya da rashin barci ke damunsa, daga sifili zuwa 10, su kuma rubuta halin da yake ciki: ya daidaita, ya rikice, yana ja baya, ko ya kusa cikawa. Duk wata shida kowane wuri yana samun rahotonsa gefen na sauran, da mizanin da aka amince a kai. Misali, cikin waɗanda jikinsu ya rikice, ana son kashi 90 cikin 100 a shawo kan abin cikin kwana uku. Sannan a taru a ɗaki ɗaya a tattauna. Daga baya aka buɗe reshe na gidajen tsofaffi, PACOP, domin mafi yawan waɗanda suka shiga gidajen nan a can ajali ke samunsu.

Wata nas a wani gida kusa da garin ta ba ni labarin abin da ta samu a ciki. Rahotonsu ya nuna mutanensu suna daɗewa cikin ciwo fiye da na sauran. Ta koma kati-kati, sai ta ga yawanci daren Juma'a abin ke farawa: likita ya tafi hutun ƙarshen mako, babu maganin da aka rubuta, sai dai a kira motar asibiti ko a jira Litinin. A wurin taron wata daga wani gida ta gaya mata yadda suke yi. Da zarar an ga mutum ya fara ja baya, sai a zauna da iyalinsa a ji abin da yake so, likita ya rubuta maganin ciwo da na sarƙewar numfashi tun kafin a buƙace su, a kulle a kabad, nas ɗin dare ta san inda mabuɗi yake. Suka ɗauka. Ta ce yanzu da wuya su tura mai gargara asibiti da tsakar dare ya cika a kan gadon turawa a sashen gaggawa, yawanci a ɗakinsa yake cikawa, 'ya'yansa na kusa.

Gidaje da yawa ba su shiga wannan haɗaka ba tukuna, wasu don ƙarancin ma'aikata, wasu don ba doka ce ta sa ba. Ita dai ta ce a taro na gaba gidansu aka ba damar yin bayani, kan yadda suke zama da iyalai, don a nan rahoton ya nuna sun fi sauran. A kan sarƙewar numfashi kuwa har yanzu suna baya, kuma ta riga ta san gidan da za ta tambaya.